Kowa Ya Ɗebo Da Zafi Bakinsa? Ban Da Dutsen Ƙanƙara

Ranar Asabar, 13 ga Maris na 2010, mutum kusan 200 suka taru a gindin wani gangare da ake kira Turbo Hill, a kan Dutsen Boulder da ke kusa da garin Revelstoke, a lardin British Columbia na Kanada. Kallo ya kai su. Masu baburan ƙanƙara ne ke wata gasa mai suna Big Iron Shootout, wadda babu hukumar da ta ba ta izini. Wasan da aka saba yi a irin wannan gangare shi ne mutum ya murɗa wa injinsa wuta ya haura iya ƙarfinsa, in ya ji zai kafe sai ya karkato ya sauko, wanda sawunsa ya fi na kowa nisa a sama shi ne gwani. Kafin ranar, cibiyar da ke hasashen zaftarewar dusar ƙanƙara a ƙasar ta fitar da gargaɗi na musamman cewa duwatsun yankin a ɗane suke. Da la'asar gangaren ya ɓalle, ya rufto a kan taron. Mutum 2 suka rasu, kimanin 30 suka jikkata. 'Yan sanda sun yi bincike, amma ba a gurfanar da kowa gaban kotu ba.

Duk sa'ad da irin wannan ta faru, mutanen Kanada sukan rabu gida biyu. Wasu su ce a rufe duwatsun ga masu babur duk ranar da haɗari ya yi yawa, wanda ya shiga kuma aka ceto shi a miƙa masa takardar kuɗin jirgi mai saukar ungulu. Mahayan su ce ƙasar ta kowa ce, ran kuma nasu ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni dai ban tare da masu cewa a garƙame dutse. Amma maganar mahayan ma ba ta zauna mini ba, domin a dutsen ƙanƙara zafin da mutum ya ɗebo sau da yawa a bakin wani yake ƙarewa.

Babur ɗin ƙanƙara ba don wasa aka fara ƙera shi ba. Joseph-Armand Bombardier, wani makanike a ƙauyen Valcourt na lardin Quebec, ɗansa ya rasu a hunturun 1934 saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Ya duƙufa a kan motar da za ta iya tafiya a kan ƙanƙara, har a 1959 kamfaninsa ya fito da ƙaramin nan mai suna Ski-Doo: ƙafafu biyu masu sulɓi a gaba, bel ɗin roba mai haƙora a baya. Har yau a arewacin Kanada shi ne abin hawan mafarauci da mai kai saƙo. Sai dai na hawan dutse da ake sayarwa yanzu wani abu ne dabam. Injinsa kan haura ƙarfin doki 160, bel ɗinsa dogo ne, haƙoransa manya. Wurin da mai tafiya da ƙafa zai yi yini bai kai ba, mai wannan babur zai isa kafin hantsi, ya ratsa gangare goma kafin azahar. Sayen babur ɗin bai wuce a biya kuɗi a ɗauka ba. Sanin halin dutse kuwa sai an yi shekaru.

Ga kuma fili. Kashi 94 cikin 100 na ƙasar British Columbia a hannun gwamnatin lardin take, kuma in ba an kafa dokar hani a wani wuri ba, kowa na da ikon shiga. (Al'ummomin asali na yankin suna da ja a kan wannan magana ta "ƙasar gwamnati", don galibin lardin ba su taɓa sa hannu sun sallama shi ba. Wannan wata doguwar shari'a ce da ba a gama ba.) Ƙungiyoyin mahaya, irin ta Revelstoke, su ke gyara hanyoyin da ke kaiwa sama, su karɓi kuɗin shiga a bakin hanya, su kula da ɗakunan shan ɗumi. Da zarar ka wuce inda gyararriyar hanya ta ƙare, kai da dutse ne.

Wanda bai san yadda zaftarewar take faruwa ba zai ɗauka tsautsayi ne kawai da ke faɗowa daga sama. Ba haka ba ne. Dusar ƙanƙara hawa-hawa take taruwa, kowace guguwa da nata shimfiɗar. In aka yi kwanaki sama ta washe, sanyi ya tsananta da dare, sai wata irin raɓa ta daskare a saman, siririya mai rauni. Guguwa ta gaba ta zo ta rufe ta, iska ta danne sabuwar har ta dunƙule ta zama falle guda mai nauyi. Ka watsa gero a kan dakalin siminti mai gangara, ka ɗora katifa a kai: za ta zauna lafiya lau har sai wani ya taka. To wannan raunanniyar shimfiɗa tana iya yin makonni, har watanni, a binne tana jira, alhali sama fes, ba alamar komai. Yawanci gangaren da karkatarsa take tsakanin digiri 30 da 45 ne ke ɓallewa, wato daidai irin wanda mahaya suka fi jin daɗin hawa. In ya ɓalle, cikin 'yan daƙiƙu gudunsa kan haura kilomita 100 a awa, in kuma ya tsaya sai ya daskare ya yi tauri, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. A kusan 9 cikin 10 na haɗurran da ake rasa rai, wanda abin ya ci ko wani a cikin tawagarsa ne ya tada ta.

Wannan adadi na ƙarshe shi mahaya ke kafa hujja da shi: tunda mu muke tada ta, mu take ci, ina ruwan gwamnati? Kuma kafin in soke su, sai in ba su gaskiyarsu a kan batun rufe dutse. Ma'aunin haɗarin da ake fitarwa kullum a hunturu mataki biyar ne, daga kore zuwa baƙi. Mutum zai zaci a ranakun ja da baƙi ake mutuwa. A'a, an fi mutuwa a mataki na uku, mai ruwan lemo, domin ranar ja kowa na jin tsoro, ranar lemo kuwa rana ta fito, ƙanƙara ta yi laushi, zuciya na cewa ai ba komai. In za a rufe duk ranar mataki na uku, an rufe babban kaso na hunturu ke nan. In kuma ranar ja kaɗai za a rufe, to ranar da aka buɗe ƙofa hukuma ta faɗa wa jama'a da bakinta cewa yau lafiya, alhali ita ce ranar da ta fi cin rai. Ga lardin da faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 900,000, bakin hanyoyi ba iyaka. Wa zai tsare su? Dokar da ba a iya tsarewa ba abin da take koya wa mutane sai raina doka.

Batun cajin wanda aka ceto ma haka. A British Columbia 'yan sa-kai ne ke aikin nema da ceto, kyauta, kuma ƙungiyarsu ta lardi ta daɗe tana adawa da a riƙa karɓar kuɗi. Dalilinsu mai sauƙi ne: wanda ke tsoron takardar bashi zai jinkirta kira, ya tura 'yan'uwansa nema, sai dare ya yi, guguwa ta taso, sannan a kira su lokacin da aikin ya fi haɗari. Waɗanda ke shiga dajin da kansu su suka faɗa, ban ga dalilin da zai sa mai zaune a ofis ya fi su sani ba.

To a ina maganar "rai nawa ne" ta karye?

Ta karye a gindin Turbo Hill, inda mafi yawan waɗanda abin ya rufta wa a tsaye suke suna kallo. Ta fi karyewa ma a abin da ya faru ranar 28 ga Disamba na 2008 a yankin Harvey Pass, kusa da garin Fernie. Zaftarewa ta binne wasu daga cikin wata tawagar mahaya. Wata tawaga da ke kusa ta ji ihu ta garzayo taimako. Ana cikin tono sai ta biyu ta sauko ta rufe su duka, su 11. Uku suka fita da rai, 8 suka rasu, dukansu 'yan Sparwood ne, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal da kowa ya san kowa. A wannan hunturu na 2008 zuwa 2009 kaɗai, mahaya 19 zaftarewa ta kashe a lardin. Sai kuma 29 ga Janairu na 2016, a yankin Renshaw kusa da garin McBride, inda zaftarewa guda ta haɗa da tawagogi daban-daban da ke wuri ɗaya, mutum 5 daga lardin Alberta suka rasu. Gangaren ba ya tambayar wa ya taka shi kafin ya zaɓi wanda zai binne.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan kusa. Kayan tsira da ake so kowane mahayi ya ɗauka guda uku ne. Na farko 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a ƙirji ƙarƙashin riga, tana aika sigina ba tsayawa. In wani ya binne, sauran su juya tasu zuwa nema, lambobi na raguwa a fuskarta suna bi har su tsaya a kansa. Na biyu sanda ce siririya mai gaɓoɓi, ana warware ta a yi ta cakawa har a ji ta taɓa jiki. Na uku shebur. Alƙaluman da aka tattara a Suwizalan sun nuna cewa waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko, fiye da 9 cikin 10 sukan rayu. In aka wuce minti 35, abin ya koma wajen 3 cikin 10. Na Kanada sun nuna lokacin bai ma kai haka ba. Jirgin ceto ba ya isowa cikin minti 15. Wanda zai tono ka shi ne wanda kuka fito tare.

Ka duba da kyau: shebur ɗin da ke jakarka ba zai taɓa yi maka amfani ba. Ranar da ka binne, shi ma yana binne a bayanka. Na abokinka ne. Sandar ma tasa ce. Wanda ya hau dutse ba shebur, ko yana da na'ura amma bai taɓa gwada nema da ita ba, ba da ransa ya yi caca ba, da ran wanda ke gefensa ya yi, kuma sau da yawa wancan bai ma sani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle ranar da hannu ke rawa, ɗan'uwanka na ƙarƙashin mita guda na ƙanƙara, agogo na tafiya.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda dokar lardin ta juya wannan al'amari. Tun Nuwamban 2015 wajibi ne a yi wa babur ɗin ƙanƙara rajista a manna masa lamba kafin a hau shi a ƙasar gwamnati, wajibi ne kuma a sa hular kwano. Hular kwano kan mai ita kaɗai take karewa, amma an tilasta ta, ba wanda ya ce an tauye 'yanci. Shebur da sanda da na'ura, waɗanda ran wani ya rataya a kansu, an bar su a matsayin shawara. In har akwai abin da gwamnati ke da hurumin tilastawa, ai wannan ne ya fi cancanta. Italiya ta yi hakan tun farkon 2022: mai shiga wuraren da ake fargabar zaftarewa sai da kayan nan uku.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a bar dutse a buɗe, a sa sharaɗi a bakin hanya. Duk wanda zai wuce gyararriyar hanya ya shiga yankin zaftarewa da babur, ya nuna kayan nan uku, ya kuma nuna shaidar ya yi kwas ɗin farko na sanin zaftarewa, wanda bai wuce kwana biyu ba: zama a aji, sai fita fili a binne jaka a koyi nema da tono. Kwas ɗin yana nan, ƙungiyar Avalanche Canada ce ta tsara shi, malamai masu lasisi na koyar da shi a garuruwa da yawa. Taswirar ma tana nan, don an riga an rarraba da yawa daga wuraren da mahaya suka fi zuwa gwargwadon haɗarinsu. A wasu bakin hanyoyin har allo aka kafa mai fitila, in ka wuce ya nuna maka ko na'urarka na aiki. Abin da ya rage kawai a ce fitilar ba ado ba ce. Sannan duk wanda zai tara jama'a a dutse, ko ya kira abin gasa ko ya kira shi haɗuwar abokai, ya nemi izini, ya ajiye 'yan kallo inda zaftarewa ba ta kaiwa, in kuma ya yi kunnen ƙashi da gargaɗi aka rasa rai, ya amsa tambaya a kotu.

Irin wannan sharaɗi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Kimanin kilomita 70 gabas da Revelstoke akwai mashigin Rogers Pass, inda zaftarewa ta kashe ma'aikatan jirgin ƙasa 58 a watan Maris na 1910 suna tsaka da share wata da ta riga ta toshe layin dogo. Yau babbar hanyar da ta ratsa Kanada ta nan take bi, ƙarƙashin magangarar zaftarewa sama da 130, kuma tun farkon shekarun 1960 sojojin Kanada ke harba igwa kan tsaunukan don su zubo da ƙanƙarar kafin ta taru. Wurin gandun daji ne na ƙasa, babur ba ya shiga. Amma masu sulu da ƙafa, wato masu ɗaura dogayen falankai a ƙafa suna zamewa a kan ƙanƙara, da ke son hawa gangarorin da ke fuskantar hanya sai da takardar izini. Mai son ta shekara sai ya ci wata 'yar jarrabawa a intanet, kuma kowace safiya sai ya duba wane yanki aka buɗe. Takardar ba ta ce maka dutsen lafiya yake ba. Cewa take kada ka shiga inda za a yi harbi, kada kuma ka zubo wa masu mota ƙanƙara. A wannan gandun ne kuma, ranar 1 ga Fabrairu na 2003, zaftarewa ta kashe ɗalibai 7 na wata makarantar sakandare daga Alberta. Bayan nan hukumar gandun daji ta kafa ƙa'idoji masu tsauri a kan kai yaran mutane irin waɗannan wurare, aka kuma kafa cibiyar hasashe ta ƙasa a 2004, wadda ta zama Avalanche Canada. Duk waɗannan dokoki a wuri guda suka sauka: inda ran wani yake hannunka. Kuma masu sulu ba su daina zuwa Rogers Pass ba.

Na san abin da za a ce. Kaya ba sa hana mutuwa: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda zaftarewa ke kashewa a Kanada ba shaƙewa ke kashe su ba, buguwa ce da itace ko dutse, kuma wannan ba shebur ɗin da zai yi maganinta. Har akwai masu cewa wanda ya goya jakar iska (mai kumbura don ta rage yiwuwar ƙanƙara ta binne shi), ya ɗaura na'ura, ya yi kwas ɗin kwana biyu, ƙarfin hali yake ƙarawa ya shiga inda da ba zai shiga ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Shi ya sa na fi ba kwas ɗin muhimmanci a kan kayan, don abin da ake nanatawa a can ba tono ba ne, ɗabi'u ne: mutum ɗaya a kan gangare a lokaci guda, sauran su tsaya gefe suna kallonsa, kada a yi fakin a gindin gangare a buɗe kwanon abinci, in babur ɗin wani ya kafe a sama, kada ka haura taya shi, don nauyinku biyu ne zai ɓalle ta. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne wuya, domin ya saɓa wa abin da zuciyar mutumin kirki ke gaya masa. Ba wanda ake haifa da saninsa, sai an koya masa. Game da tsaro kuwa, ba sai an sa ɗan sanda a kowane kwazazzabo ba. Galibin mahaya ta 'yan bakin hanyoyi sanannu suke shiga, inda dama akwai rumfar karɓar kuɗi. Kuma ba maharbin da ke duba tarkonsa a kwari nake nufi ba, ko ma'aikacin da ke bin layin wutar lantarki. Kuɗin kwas ɗin ma bai kamata ya zama shinge ba. Gwamnatin tarayya ta ware wa Avalanche Canada dala miliyan 25 a 2018, lardin ya ƙara miliyan 10 a 2021. Wanda ya iya wannan zai iya rage wa matashin Sparwood kuɗin kwana biyu a aji.

Akwai rufewa guda ɗaya da nake goyon baya ba tare da wani sharaɗi ba, ita ma ba don kare mahayi daga kansa ba ce. A waɗannan duwatsu akwai wata irin barewa mai rassan ƙaho da ake kira karibu, wadda ke hawa can sama da hunturu, ta tsaya a kan tulin ƙanƙara da faffaɗan kofatonta tana cin gansakukar da ke rataye a rassan tsofaffin itatuwa. Zurfin ƙanƙarar shi ne katangarta, don kyarkeci nutsewa yake yi. Babur in ya wuce sai ya bar dannanniyar hanya, kyarkeci ya bi ta a guje. Ƙarar injin kuma ta kori garken daga inda abincinsa yake, a lokacin da ba shi da ƙarfin yawo. Tun 2009 lardin ya rufe wa babura kimanin hekta miliyan guda saboda su. Duk da haka, garken South Selkirk, wanda shi ne na ƙarshe da ke tsallakawa cikin Amurka ta iyakar kudu, ya ƙare. A farkon 2019 aka kama ragowarsa aka kai wani shinge kusa da Revelstoke. Mahayin da ya wuce allon hani ya shiga irin wannan wuri ba shi da uzuri ko kaɗan, kuma ba tara kawai ya kamata ba, a karɓe babur ɗin.

Sai dai a nan ma mahayan na da ƙorafin da ya kamata a saurara. Masana sun daɗe da nuna cewa babban abin da ya karya karibu shi ne sare tsohon daji da hanyoyin motocin katako da na masu haƙar ma'adinai. Inda aka sare, sabon toho ke fitowa, manyan namun daji masu cin ganye su yawaita, kyarketai su biyo su, karibu ya shiga tsakani. Tun 2015 lardin ke harbin kyarketai daga jirgi mai saukar ungulu, alhali har yanzu ana ba da izinin sara a wasu sassan mazaunin dabbar. Mutumin Revelstoke da aka hana shi tudun da ubansa ya koya masa hawa, yana kuma ganin tirela cike da gungume tana fitowa daga kwarin da ke ƙasa, dole ya ce an bar jaki ana dukan taiki. Can arewa maso gabashin lardin, al'ummomin asali na West Moberly da Saulteau sun ɗauki garken Klinse-Za da ya ragu zuwa 16 a 2013, suka riƙa killace mata masu ciki har su haihu 'ya'yan su yi ƙwari, suka rage kyarketai, suka matsa har aka sa hannu a yarjejeniyar kare wani yanki na dajin a 2020. Garken ya haura 100. A can an taɓa kowa, har da masu katako da masu ma'adinai. Duk inda lardin zai sake kafa allon hana babur saboda karibu, takardar da ta rufe tudun ita ya kamata ta dakatar da izinin sara a kwarin da ke ƙarƙashinsa.